Geron Hajiya Yaha a Tsibirin Balbela

Tun da aka ji zan bar aikin jirgin ruwa in tafi karatu, matakalar gidanmu a unguwar Jamaica, nan Amurka, ba ta ƙara hutawa ba. Kowane yaro mai sumar afro da wando mai faɗin ƙafa sai ya tare ni: "Yaya Sagiru, ka saka ni a gurbinka mana." Har da Nuhu, wanda ko ruwan baho ya kalla sai jiri ya ɗebe shi. Wai ai aikin ba wani abu ba ne, ana ɗaukar mutum ne ya sha iska, ya kalli tsuntsaye, ya ci ragowar sanwic ɗin Turawa. To ku nemi wuri ku zauna. Shekarata goma sha tara, huɗu daga ciki a kan ruwa na yi su, kuma shekara ɗaya a wannan aiki daidai take da goma a tudu. Saboda haka da dattijo kuke magana.

Tsibirin yana can bayan inda gidaje suka ƙare, tafiyar awa biyu a jirgin Kyaftin Rodi in ruwa ya yarda, awa uku in ya tashi da fushi. Yana da sunansa a taswira, amma a gidanmu Tsibirin Balbela muke ce masa, don ranar da babana ya ga hoton wurin cewa ya yi, "Af, har nan suka biyo mu?" Babu titi, babu lantarki, babu tarho. Ɗakunan katako uku na baƙi, na huɗu na mai gadi, sai yashi da ciyawa da tsuntsayen da hukuma ta killace wurin dominsu: balbela, zalɓe, agwagin ruwa, da wasu ƙanana farare masu jan baki da ke ajiye ƙwansu a fili a kan yashi kamar ba su san duniya da mugaye ba. Mutanen da hayaniyar birni ta ishe su ne ke zuwa, su kwana biyu ko uku don su ji shiru. Har yau ban gane ba. Mutum ya bar gida mai fanka da talabijin, ya yi amai awa biyu a hanya, don ya je ya zauna inda sauro ya kai girman ɗan tsako.

Abu ɗaya ne ya riƙe sana'ar gaba ɗaya: famit. Wata takardar izini ce a cikin gilashi, rataye a saman sitiyari. In babu ita, jirgi ba ya taɓa yashin tsibirin. Wadda ke sa mata hannu duk shekara ita ce mai gadi, Misis Dolan, wata doguwar mata da ba a taɓa ganinta babu madubin hangen nesa a wuya ba. Ina zargin da shi take wanka. In ta ce ta soke, Kyaftin ya koma kamun kifi, ni kuma in koma zaman matakala tare da ku.

Ranar da na fara aiki, na zo da hular matuƙa da na ara, ina jiran a koya mini tuƙi. Kyaftin Rodi ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini burushi mai tauri da guntun alli. Ya ce, "Kayan aikinka ke nan. Na uku hannunka ne, na huɗu hancinka." Burushin na goge ƙasan takalmin kowane baƙo ne kafin ya taka jirgi, saboda irin ciyawar tudu da ke maƙalewa. Allin kuwa, in na bincike jaka na tabbata babu komai, in zana mata alama. Alamar nan rantsuwa ce. Ba a shiga tsibirin da iri ko hatsi, ba a shiga da dabba, ba rediyo, ba ashana sai wadda mai gadi ta bayar. Ba a kuma fitowa da komai, ko gashin tsuntsu.

Watan farko, shi da kansa yake ɓoye mini abubuwa a kayan baƙi. Ashana a cikin burodi. 'Ya'yan kabewa a cikin safa. Duk wanda na kasa ganowa, in wanke jirgi daga hanci zuwa gindi. Na wanke jirgin nan har katakonsa ya fara sirancewa. A haka na gane cewa jakar ba ta faɗin komai, mai jakar ne ke tona kansa. Wanda ya cika surutu yana da abu. Wanda ya yi shiru da yawa yana da abu. Wanda ya ce, "Buɗe ka gani, ɗana," da fara'a, wannan yana da abu biyu.

Wata tsohuwa mai saƙa ta taɓa zuwa da kwandon zare. Kyakkyawar tsohuwa, irin wadda za ka ba ajiyar makullin gidanka. Na sa hannu a kwandon, zaren ya cije ni. Mage ce, baƙa, mai nauyin akuya. Ta ce wai magen ba ta cin nama. Na nuna mata yatsana. Wani kuma ya huda filas ɗin shayi ya cusa ƙaramar rediyo don kada wasan ƙwallo ya wuce shi. Da na ɗaga filas ɗin sai shayin ya yi mini sharhin wasa. Amma mafi haɗari su ne masu ilimi. Wani malamin jami'a ya fito daga tsibirin yana tafiya a hankali, ƙafa a ware, kamar wanda aka yi wa kaciya da girma. Ƙwai huɗu na ciro daga safarsa. Ya ce don bincike ne. Na ce ni ma binciken nake yi.

Sai muguwar shekara. A lokacin jirage uku ne ke da famit. Wata ɓera mai ciki ta sauka a tsibirin a cikin wani akwatin abinci, kuma har gobe ba a san jirgin da ya kawo ta ba. Kafin a farga, ƙwan tsuntsayen nan masu jan baki ya zama ɓawo. Aka rufe tsibirin ga baƙi duk lokacin zafi. Aikinmu ya koma ɗana tarko da kwashe tarko, daga safe har yamma, sauro na biye da mu kamar 'yan rakiyar amarya. Kyaftin-kyaftin ɗin nan uku, waɗanda a da tare suke shan kofi, suka daina gaisawa, kowa yana nuna ɗan'uwansa da baki. Da aka gama, aka karɓe famit ɗin jirage biyu. Namu ya tsira ne kawai saboda Kyaftin Rodi ne ya fara kai rahoton kashin ɓera. Misis Dolan ta sa hannu, amma ba ta saki takardar nan da nan ba. Ta riƙe gefenta ta ce, "Kuskure ɗaya, Rodi. Ɗaya." Daga ranar Kyaftin ko abincinsa na rana sai ya sa na bincika.

To a shekarar da ta biyo baya ne aikin da nake son ba ku labari ya zo. Likita Garba, ɗan garinsu babana da ke zaune a unguwar Flatbush, ya kawo mahaifiyarsa Hajiya Yaha daga gida aka cire mata yanar ido. Da ta warke, ya ce zai kai ta inda babu ƙarar mota ta huta kwana biyu. Wa ya ba shi labarin tsibirin? Babana. Da safe kafin in fita, Baba ya tsare ni a bakin ƙofa.

"Sagiru, sa'ar kakarka ce. In na ji ka zazzage mata jaka a gaban jama'a kamar ɓarauniya, kada ka dawo mini gida."

Na isa tasha, Kyaftin ya tsare ni a bakin jirgi.

"Mutanenku ne, ko? Ba jakarsu zan kalla ba yau. Allinka zan kalla."

Kun gani? In na bincika, ba ni da gida. In ban bincika ba, ba ni da jirgi.

Suka iso, Likita da kwat da hular malafa irin ta masu yawon buɗe ido, Hajiya kuma 'yar ƙarama, da baƙin tabarau na asibiti da wani makeken mayafi ruwan toka. Na durƙusa na gaishe ta, na goge silifas ɗinta da burushi. Ta leƙo ni ta saman tabarau.

"Garba, wane ne wannan mai kai kamar sheƙar tsuntsu?"

"Ɗan Malam Sule ne, Hajiya. Sagiru."

"Au, mijin nawa ne? Kai, an cuce ni. Duk mazan Amurka a rasa wanda za a ba ni sai mai shara?"

Da jin haka na ga ƙofa. Tun da ta mai da ni miji, ai kaka da jika ne, kuma jika yana da bakin da likita ba shi da shi. Na miƙe na kama ƙugu.

"Amarya, ni ma ba a tambaye ni ba. Amma ba ki shiga gidana sai na ga kayan ɗaki. Kawo jakar nan."

"Kai, Sagiru!" in ji Likita.

"Bar shi, Garba. Talaka ne, bai taɓa ganin kaya ba. Buɗe ka gani, maigida."

Na buɗe, muna ta faɗa. Darduma, carbi, man zafi, maganin ɗigawa a ido, buta 'yar ƙarama, da goro bakwai a cikin jiƙaƙƙen ƙyalle. Kyaftin ya matso ya ɗauki goro ɗaya yana juya shi, ya ce wannan ai iri ne. Na ce ci ake yi. Ya ce in nuna masa. Na ɓare, ya gutsura, fuskarsa ta tattare wuri ɗaya kamar bakin jakar tsaba. Ya ce duk abin da ya kai wannan ɗaci ko ƙasa ba za ta karɓe shi ba, amma duk da haka in ɓare sauran gida biyu. Na ɓare. Na laluba kowane aljihu, na shinshina, na girgiza dardumar. Na zana alli, ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi biyu a rana ɗaya.

Sai da jirgi ya tashi maganarta ta dawo mini. Buɗe ka gani. Da fara'a.

Na zauna nesa kaɗan ina kallonta. Likita ya rungume bokiti tun kafin mu bar gaɓa, ilimin duk bai hana ba. Ita kuwa ko gezau. Ta zauna daram, hannunta na hagu a kan cinya, bai motsa ba ko sau ɗaya, ko da igiyar ruwa ta ɗaga mu ta buga. Da dama take jan carbi, da dama take gyara tabarau, da dama take nuna ni.

"Maigida, zo. Tsuntsayen can, da wane lokaci suke saukowa cin abinci?"

"Me ya sa kike tambaya, amarya?"

"Mace ba ta tambayi mijinta ba?"

"Me ke hannunki na hagu?"

"Tsufa."

Da muka sauka, ruwa ya janye, dole jirgi ya jira awa huɗu kafin ya samu hanyar komawa. Na kai musu kaya ɗaki na biyu. Misis Dolan ta duba alamar allina, ta dube ni, ta karanta musu dokoki, Likita yana fassarawa. Na lura ya fassara maganar wuta da ta ƙwai, amma da aka zo kan iri da hatsi sai cikinsa ya sake murɗawa, ya ce, "Da sauransu dai, Hajiya," ya ruga bayan ɗaki. Na buɗe baki zan ƙarasa, Kyaftin ya ƙwala mini kira in zo in sauke jarkokin ruwa. Jarka goma sha biyu. Ina ɗauka ina waige har wuyana ya ƙage.

Da la'asar na gama, na lallaɓa bayan ɗakinsu. Dardumarta na shimfiɗe, babu ita. Na bi sawun silifas a kan yashi, ya zagaya wani tudu mai ciyawa. Can na hango ta tsaye, ta cire tabarau, tana kallon balbelu sun yi fari fat a bakin ruwa. Sai ta kai hannu bakin mayafinta na hagu, ta sa haƙori ta kwance wani ƙulli mai girman dunƙulen hannu.

Na san ƙullin nan. Kowace tsohuwa a duniyarmu tana da shi. Kakata ta wajen uwa, a bakin zanenta ake samun kuɗi, allura, kanwa, da alewar da ta shekara uku. Ni da na girma ina kwance irin wannan ƙulli in saci alewa, ni ne na tsaya ina shinshina darduma saboda Bature ya koya mini cewa a jaka ake ɓoye abu.

Kafin in yi taku uku, ta watsa. Gero. Ya tashi sama, rana ta haska shi, ya zubo a kan yashi mai faɗin tabarma huɗu.

"Hajiya!"

Ba ta ko razana ba. "Yau kuma Hajiya ce? An sake ni ke nan?"

"Me kika yi haka?"

"Sadaka. Ranar da za a shiga da ni ɗakin aiki na yi bakance, in Allah ya buɗe mini ido, tsuntsaye za su ci geron gonarmu daga hannuna. Tun daga gida na ɗauro shi."

"Ba ga tantabaru nan cike da Flatbush ba?"

"Waɗancan ƙattin? Masu cin burodi a bola har sun kasa tashi? Ni tsuntsayen Allah nake so, ba 'yan tasha ba." Ta juya ta dubi balbelun. Ko ɗaya bai waigo ba. "Amma naku ma ba su da tarbiyya. An yi musu sallama sun yi banza da mutane."

Na ce kifi suke ci. Na durƙusa a gabanta, ba wasa yanzu, na gaya mata komai: ɓerar da ta ci ƙwai, da yadda hatsi ke kiran ɓera ko tana ƙarshen duniya, da yadda baƙon tsiro ke korar ciyawar da tsuntsayen ke ɓuya a ciki, da takardar da ke rataye a jirgi, da kuskure ɗaya da ya rage mana. Na ce allina ne a kan jakarta.

Ta dubi geron da ke warwatse a kan yashi. Ana haka Likita ya iso yana goge baki. Da ya gane abin da ya faru, ya dubi hagu ya dubi dama, ya sassauta murya.

"Ba wanda ya gani. Mu tura yashi da ƙafa mu rufe, shi ke nan."

Har ya fara turawa da takalmi. Hajiya ta kai masa duka da carbi.

"Garba! Ka binne gero a yashi, ga hadari a sama, ka danna da ƙafa? Ai shuka ke nan, ɗan nema! Kuɗin makarantar da ubanka ya sayar da shanu ya biya, abin da aka koya maka ke nan?" Ta juyo gare ni. "Kai, maigida, tashi. Kawo mini faifai."

"Babu faifai a Amurka, Hajiya."

"To me suke ɗora abinci a kai?"

Na ruga jirgi na ɗauko tiren shayin Kyaftin, da tsintsiya da shebur da buhu biyu. Kyaftin yana tambayata ina zan kai tirensa, na ce yanzu zan dawo, ban tsaya ba. Hajiya ta zana da'ira da sanda, ta hana kowa takawa ciki. Ni ina share saman yashi a hankali daga gefe, Likita yana kwasowa da shebur, kwat ɗinsa a rataye a kan ciyawa. Ita ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ɗora tire a hannu ta fara bakace. Ku da kuka tashi a nan ba ku taɓa ganin wannan ba. Tire yana rawa, yatsunta suna buga gefensa, yashi ya gangara gaba, gero ya taru a baya kamar an kira sunansa. Ido sabo, hannu tsoho. Ko ƙwaya ba ta wuce ta.

Muna cikin haka inuwa ta rufe mu. Misis Dolan. Tun daga ɗaya ƙarshen tsibirin ta hango mu da madubinta. Kyaftin na biye da ita, ya biyo sawun tirensa.

Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta tsuguna, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta duba, ta tambayi sunansa. Kyaftin kuwa ni yake kallo.

"Allin wa ke jikin jakar?"

"Nawa."

"Ka bincika?"

"Jakar na bincika. Ba a jaka yake ba." Na nuna masa bakin mayafi.

"Ka san suna ajiya a nan?"

Da na ce ban sani ba, da ya yarda, don shi bai taɓa ganin mayafi ba sai ranar. Amma Hajiya na zaune tana kallon bakina, ko ba ta jin Turanci tana jin ƙarya. Na ce na sani, mantawa na yi.

Misis Dolan ta tsaya har aka gama, kusan awa ɗaya da rabi, tana kallon hannun Hajiya. Ta sa muka ɗure geron da yashin da aka share duka a buhu, aka kai jirgi. Sannan ta ce wa Kyaftin ya ciro famit daga gilashi ya ba ta. Ta ninke shi ta saka a littafinta.

"Mako uku," ta ce. "Za ku ci gaba da kawo ruwa da abinci, amma ba baƙi. In wani abu ya tsiro a nan, ka san sauran."

Hajiya ta tambayi me aka ce, Likita ya fassara, wannan karon duka. Ba ta ƙara kirana maigida ba har muka tashi. Bayan kwana biyu da muka dawo da su, a tashar birni ta kwance buhun geron ta watsa wa tantabarun da ke yawo a wurin, tana cewa, "Ku ci, rabonku ne, ba halinku ba."

Mako ukun nan Kyaftin bai yi mini magana ba sai da yatsa. Duk zuwan da muka yi, ina ajiye jarka zan wuce bayan tudu in rarrafa a da'irar nan, hancina a yashi. Aka yi ruwa sau biyu. Mako na farko babu komai. Na biyu babu komai. Na fara cin abinci da daɗi.

Saura kwana biyu wa'adi ya cika, na gan shi. Can gefe, wajen da'irar, a gindin wata ciyawa: ɗan tsiro kore shar, ganye biyu, tsawon yatsana. Duk wanda ya taɓa ganin gona ko a hoto ya san gero ne. Na waiga. Kyaftin yana jirgi. Ɗakin Misis Dolan a rufe. Na tumɓuke shi da saiwarsa.

Kada wani ya ce gaskiya ce ta motsa ni. Niyyata in cinye shi. Har na kai shi baki. Abin da ya tsayar da ni shi ne yashin wurin. Ko'ina a tsibirin nan akwai sawun tsuntsu, ko a kan takalminka in ka daɗe a tsaye. Amma kewayen tsiron nan sumul yake, an share shi da reshe, har ana ganin layin ganye. Tsuntsu ba ya shara. Iska ba ta shara a da'ira. Wani ya zo nan kafin ni, ya tsuguna, ya tashi, ya goge sawunsa.

Na sauke hannuna. Na tafi ɗakin mai gadi, na ƙwanƙwasa. Na ɗora tsiron a kan teburinta.

"Na samu wannan. Gero ne. Guda ɗaya, na duba ko'ina."

Ta dube shi, ta dube ni. Ta jawo littafinta ta buɗe, ta juyo mini da shi. Ga tsiron nan an zana da fensir, ganye biyu, har da ciyawar da ke gefensa.

"Tun ranar Talata," ta ce. "Tsiro ɗaya zan iya cirewa da kaina. So nake in ga ko zai iso teburin nan, ko zai ɓace a hanya."

Ta zaro famit daga bayan littafin, ta warware shi, ta sa hannu. A ƙasa ta ƙara layi ɗaya da biro: daga yau, bincike ya haɗa da tufafi.

Na kai wa Kyaftin takardar a guje har na faɗi sau biyu. Ya karanta, ya goge gilashin da hannun rigarsa, ya mayar da ita, ya daidaita ƙusar. Sannan ya yi mini maganar farko a mako uku.

"Likitanku ya bugo waya jiya. Mahaifiyarsa ta ba ƙawayenta labarin wurin. Su shida ne, ranar Asabar." Ya ciro sabon alli daga aljihu ya danƙa mini. "Wannan abin da suke yafawa, baki nawa gare shi?"

Na ce huɗu.

Ya ɗaga kai yana lissafi, leɓensa na motsi.

"To ka zo da wuri."